Ja da Turewa Tsakanin Abubuwa Masu Caji: Tambayoyi da Amsoshi kan Gwajin Lantarki a Gida

Ina koyar da fizis a wata makarantar sakandare a nan Jos. Duk shekara da zarar hunturu ya kama, tambayoyi iri ɗaya ke dawo mini, daga ɗalibai a aji, daga iyaye a bakin ƙofa, har da malaman firamare masu neman abin da za su nuna wa yara alhali ba su da ɗakin gwaji. Su ne na tattara a nan. Duk gwajin da na ambata na yi shi da hannuna, kuma babu ko ɗaya da ke buƙatar soket ko batir.

Mene ne caji, kuma daga ina yake fitowa idan na goga biro a gashin kaina?

Ba daga ko'ina ya fito ba, da ma yana nan. Duk abin da ka taɓa, biro ne, gashi ne, tebur ne, da ƙwayoyin zarra aka gina shi, kuma kowace ƙwaya tana ɗauke da caji iri biyu: furoton a tsakiya mai alamar tarawa (+), da ilektiron a kewaye mai alamar ɗebewa (−). Su ne masu gyaran batir ke kira fozitif da nagetif. Yawanci adadin biyun daidai yake, sai su yi canjaras, abu ya zauna kamar ba komai a jikinsa.

Idan abubuwa biyu mabambanta suka haɗu sannan suka rabu, ɗaya yakan tafi da wasu ilektiron na ɗayan. Robar biro ta fi gashi riƙo, don haka ita ke tashi da rara, gashi ya zauna da giɓi. Gogawar ba ita ke haifar da cajin ba. Amfaninta shi ne ta sa wurare da yawa na jikin abubuwan biyu su taɓa juna. Abin da biro ya samu shi ne daidai abin da gashi ya rasa, ba ƙari ba ragi. Ina yawan nanata wannan, domin a jarrabawa ɗalibai da dama sukan rubuta wai an ƙirƙiri caji, alhali ƙaura kawai ya yi.

Abin ya daɗe da ba mutane mamaki. Girkawan dā sun lura da wani ƙaron itace da ya daskare ya zama kamar dutse, idan an goga shi sai ya riƙa jan ƙaiƙayi. Sunansa a harshensu elektiron, kuma daga nan Turawa suka samo kalmar da muka mayar lantarki. Larabawa kuwa suna cewa kahraba, kalmar da suka aro daga Farisanci, sunan wannan ƙaro ne shi ma, ma'anarta mai fizgar ƙaiƙayi.

Wane kaya zan tanada?

Salatif mai haske, balam-balam biyu ko uku, mataji ko rular roba, gwangwanin lemo da aka shanye, takardar foyil, zaren nailan, da guntun bututun roba na famfo mai tsawon kamu ɗaya. Wannan bututu, wanda masu aikin famfo ke kira PVC, shi ne ya fi komai ɗaukar caji a cikin kayan gida, kuma guntayen da suka rage a wurin aiki sun isa. Sai abin gogawa: suwaitar ulu, ko safar nailan, ko busasshen gashin kai. Zagaye ɗaya a kasuwar Terminus ta nan Jos ya ishe ka haɗa su duka.

Da wane gwaji zan fara?

Da salatif. Mutane sun fi sanin na biro da gutsattsarin takarda, amma shi rabin labari kawai yake ba ka, ja yake nunawa, ba ya nuna turewa.

Yanko salatif biyu, kowanne wajen santimita 20. Naɗe bakin kowanne kaɗan ya zama mariƙi. Liƙa su gefe da gefe a kan tebur mai santsi, ka danne da yatsa, sannan ka fizge su da sauri, ɗaya a kowane hannu. Bar su su rataya, ka matso da su a hankali. Tun kafin su haɗu za ka ga ƙasansu ya buɗe, kowanne yana kauce wa ɗan uwansa. Hanya ɗaya aka bi aka caja su, caji iri ɗaya suka ɗauka, shi ya sa suke ture juna.

Yanzu yanko sababbi biyu. Liƙa ɗaya a tebur, ka liƙa na biyu a bayansa. Ɗago su tare a hankali, ka shafa yatsa a gefen da babu danƙo sau biyu ko uku don kwashe cajin da suka taso da shi, sannan ka raba su da ƙarfi. Matso da su. Wannan karon lanƙwasowa suke yi suna neman juna, in ka yi sake ma su manne. Ɗaya ya kwashi ilektiron na ɗayan, sun zama kishiyoyin juna.

Rubuta S a mariƙin na sama, Ƙ a na ƙasa, ka sake yin wasu biyun, ka rataye su a gefen tebur. S da S turewa, Ƙ da Ƙ turewa, S da Ƙ ja. Ka kawo duk wani abu da ka goga, mataji ko balam-balam ko bututu, za ka tarar ya ture ɗaya ya ja ɗaya. Ba za ka samu wanda ya ture duka biyun ba. Shaidar ke nan cewa caji iri biyu ne, babu na uku. Wani Bafaranshe, Du Fe, shi ya gano haka a 1733, ba da wasu kayan da suka fi naka nisa ba.

Na taɓa yin wannan da 'yan aji ɗaya na babbar sakandare. Wata ɗaliba ta daɗe tsaye tana kai tafin hannunta kusa da S, ta koma kusa da Ƙ, hijabinta a naɗe a kafaɗa don kada ya taɓa su. Can ta ɗago ta ce, "Malam, ai na saman yana bin hannuna, na ƙasan ma yana bin hannuna. To hannun nawa wane iri ne?" Amsar tambayarta ce ke biye, kuma a ganina ita ce zuciyar darasin gaba ɗaya.

Takarda ba a goga ta ba, hannu ma haka. Me ya sa abu mai caji yake jan su?

Domin rashin caji ba ya nufin babu komai a ciki. Yana nufin tarawa da ɗebewa sun yi daidai ne kawai, kuma ana iya karkata su.

Gwangwanin lemo zai nuna maka. Kwantar da shi a kan tayil ko siminti mai santsi. Goga bututu da suwaita har ka ji yana ɗan ƙaras-ƙaras, ka kawo shi gefen gwangwanin ba tare da ka taɓa ba. Zai motsa, sannan ya fara birgima yana bin bututun. Ja da baya a hankali, zai bi ka har ƙarshen ɗaki. Koma ɗaya gefen, ya tsaya ya juyo.

Ga abin da ke faruwa. Bututun yana da rarar ilektiron. A jikin ƙarfe kuwa akwai ilektiron da ba a ɗaure suke ba, suna yawo yadda suka ga dama. Da bututun ya matso sai su guje masa su taru a bayan gwangwanin, gefen da ke kusa ya zauna da cajin tarawa. Bututun yana jan gefen kusa, yana ture na nesa. Amma wannan ƙarfi raguwa yake yi da nisa, saboda haka na kusa ya rinjayi na nesa, gwangwani ya taho. Da abu mai cajin tarawa ka kawo, ilektiron ɗin za su taho gaba ne maimakon su gudu, sakamakon dai ɗaya, ja.

A takarda da itace ilektiron ba su da wannan 'yancin yawo. Iyakacinsu su ɗan gusa a cikin ƙwayarsu. Amma gusawar ƙwayoyi bila adadin, duk ta fuska ɗaya, ta isa ta ɗaga guntuwar takarda daga tebur.

Daga nan ne ƙa'idar da nake so kowane ɗalibi ya riƙe ta fito: ja ba shaida ba ne, turewa ita ce shaida. Idan abu ya taho wurin bututunka, ko dai yana da cajin tarawa, ko ba shi da caji sam. Ba ka san wanne ba tukuna. Idan kuwa ya gudu, magana ta ƙare, cajinsa irin na bututun ne. Hannun ɗalibar nan yana jan S yana jan Ƙ, kuma abin da ke jan duka biyun shi ne marar caji.

Ka kuma gwada da ƙananan gutsattsarin foyil maimakon takarda. Za su yi tsalle su taɓa bututun, wasu kuma nan take su fallo ƙasa da gudu. Sun taɓa, sun ɗebi ilektiron, sun zama irinsa, ja ya koma turewa.

Yaya zan gane wanne ne tarawa, wanne ne ɗebewa?

Bututun famfo da aka goga da ulu ko gashi cajin ɗebewa yake ɗauka. Riƙe shi a matsayin ma'auni. Salatif ɗin da ya guje masa ɗebewa ne, ɗayan kuma tarawa. Su sunayen yarjejeniya ce kawai. Binjamin Firankilin na Amurka ne ya sa su a shekarun 1740, ya kira cajin gilashin da aka goga tarawa. Sai a 1897 Tomsin ya gano ilektiron a Ingila, aka tarar ya faɗo ɓangaren ɗebewa.

Na gwada, ko motsi babu. Me ya faru?

Fara duba wata. Idan damina ce, laifin iska ne. Danshi yakan kwanta a jikin abubuwa, siririn shimfiɗar ruwa da ido ba ya gani, caji ya bi ta nan ya zurare cikin hannunka kafin ka kai bututun inda za ka kai. Wata shekara cikin watan Yuni na shirya nuna wa iyaye gwajin gwangwani a taron makaranta. An kwana ana ruwa. Na goga har hannuna ya gaji, gwangwani yana nan inda na ajiye shi, yaran da suka yi wa iyayensu alkawarin abin mamaki sai kallona suke. Abin ya dame ni ƙwarai. Tun daga ranar na mayar da wannan darasi tsakanin Disamba da Fabrairu.

Mu a Jos mun yi sa'a a nan. Iskar hunturu mai tsaga leɓe da faso a diddige ita ce wadda wannan gwaji ke so. Ranar da ka ga wanki ya bushe kafin azahar, ranar gwaji ce. Idan dole sai da damina, shanya kayan a rana, ko ka goge suwaitar da dutsen guga ta yi ɗumi kafin ka fara.

Abu na biyu mai ne. Da hunturu kowa ya sha basilin ko man kaɗe, hannu da kai. Mai yana hana gashi da roba haɗuwa sosai, kuma idan ya shafi bututu sai ka wanke shi da sabulu ka bar shi ya bushe ƙayau. Ka riƙe bututu ta ƙarshe ɗaya, kada ka shafa inda ka goga.

Na uku ita kanta suwaitar. Da yawa daga cikin na gwanjo da ake saya a kasuwar Katako kamannin ulu kawai gare su, zaren roba ne. Roba da roba ba su cika ba juna caji mai yawa ba. Duba 'yar takardar da ke wuyanta. In ba ulu ba ce, koma kan safar nailan.

Me ya sa gashina ba ya miƙewa kamar na yaron da ke hoton littafi?

Yana ɗaukar caji sarai. Gashinmu a murɗe yake, a sarƙe da juna, ga shi sau da yawa gajere ne ko a kitse, ƙarfin cajin kuma bai kai ya warware shi ba. Kawo balam-balam ɗin da ka goga kusa da bayan hannunka, za ka ji ƙananan gashin wurin suna tashi. In kana son ka gani da ido, yayyanka leda siri-siri kamar geza, ka ƙulle kai ɗaya, ka shafa ta da ulu daga sama zuwa ƙasa. Za ta baje kamar tsintsiya.

Da gaske ne ana iya lanƙwasa ruwa?

Ƙwarai. Sirrin shi ne ruwan ya zama siriri kamar zare. Zubin buta ya yi kauri. Huda gindin gorar roba da ƙusa ƙarama, ka cika ta, wani ya riƙe a sama. Kawo mataji ko bututu kusa da saman zaren ruwan, za ka ga ya karkato. Dalilin ɗaya ne da na gwangwani: gefen ruwan da ke kusa ya zama kishiyar abin da ka kawo. Kada dai ka bari bututun ya jiƙe.

Shin wannan ba maganaɗisu ba ne?

A'a. Kawo maganaɗisun tsohuwar lasifika kusa da takarda, ko ruwa, ko gwangwanin lemo na alminiyom, ba abin da za ka ga ya motsa. Kuma maganaɗisu ko ka karya shi gida goma, kowane guntu yana da kai biyu, arewa da kudu. Caji kuwa ana raba shi, abu ya zama tarawa zalla ko ɗebewa zalla.

Makarantarmu ba ta da na'urar ganyen zinariya da ake tambaya a WAEC da NECO. Za mu iya ƙera tamu?

Za ku iya. Na'ura ce mai nuna ko abu yana da caji, kuma wadda ɗalibi ya ƙera da hannunsa ba ya mance yadda take aiki. Nemi kwalbar gilashi mai faɗin baki da murfin roba. Fere wayar wuta ka ciro tagullar, wajen santimita 15. Huda murfin, ka zura wayar, ka lanƙwasa ƙasanta kamar ƙugiya, samanta kuma ka dunƙula masa foyil kamar ƙwallo. Yanko ganyen foyil biyu, faɗin santimita 1 tsawon 4, ka murje su da bayan farce su yi laushi, ka huda saman kowanne, ka rataye su tare a ƙugiyar yadda za su yi lilo ba tare da sun maƙale ba. Shanya kwalbar a rana kafin ka rufe.

Kawo bututu kusa da ƙwallon. Ganyayen za su buɗe, domin ilektiron sun gudu ƙasa sun cika su biyun. Janye, su rufe.

Sai kuma abin da ke kayar da ɗalibai a jarrabawa, wato caja na'urar ba tare da bututu ya taɓa ta ba. Kawo bututu kusa, ganye ya buɗe. Bututun yana nan, ka taɓa ƙwallon da yatsa, ganye ya rufe, domin ilektiron sun samu hanya ta jikinka sun fice. Ɗauke yatsa tukuna. Sannan ka janye bututu. Ganye zai sake buɗewa ya tsaya a buɗe, na'urar ta zauna da cajin tarawa, kishiyar na bututun. Idan ka janye bututu kafin yatsa, ilektiron ɗin za su dawo ta inda suka fita, ka tashi a tutar babu. Ku yi shi ta hanyoyin biyu, ɗalibai su ga bambancin da idonsu.

Da na'urar tana buɗe, taɓa ƙwallon da cokalin ƙarfe, ganye zai faɗi nan take. Sake caja ta ka taɓa da rular roba, ba zai kula ba. Tsinken tsintsiya kuma a hankali yake zurar da cajin, in ka jiƙa shi ya yi sauri. Ka raba masu wuce da caji da masu tare shi ke nan.

Nawa ne ƙarfin, kuma yaya nisa yake rage shi?

Wanda ya auna shi injiniyan sojan Faransa ne, Sharl Kulom, a 1785. Ya rataye sanda a kwance da siririyar waya, da ƙaramin ƙwallo a bakinta, ya kawo wani ƙwallon mai caji, ya riƙa duba yawan murɗawar wayar. Abin da ya samu: idan ka ninka nisa sau 2, ƙarfin ya koma kashi 1 cikin 4. Sau 3, kashi 1 cikin 9. Sau 10, kashi 1 cikin 100. Shi ya sa gwangwani ba ya kula ka daga nesa, amma da ka matso kaɗan sai ya zabura. Idan kuma ka ninka cajin ɗaya daga cikinsu, ƙarfin ya ninku. A rubuce: F = kq₁q₂/r², inda F shi ne ƙarfin, q₁ da q₂ cajin abubuwan biyu, r nisan da ke tsakaninsu, k kuma ya kai kimanin 9 × 10⁹.

Ma'aunin caji sunansa ya ci, kulom. Kulom 1 ba ƙaramin abu ba ne, ilektiron kimanin 6.24 × 10¹⁸ ke nan. Da za a ajiye abubuwa biyu masu kulom 1 kowanne a nisan mita 1, turewar da ke tsakaninsu za ta kai nauyin tan dubu 900 da ɗoriya. Abin da muke samu da suwaita ɗan mitsitsi ne a kan wannan, kuma ana iya ƙiyasta shi a gida.

Yanko ƙwallaye biyu daga farar kumfar da ke zuwa cikin kwalin talabijin, ka lulluɓe su da foyil, ka rataye su da zaren nailan daga ƙusa ɗaya. Zaren auduga yana shan danshi, ka guje shi. Shafa musu bututu sau da yawa har su rabu su tsaya nesa da juna. Mu ɗauka kowanne nauyinsa giram 0.2 ne, tsawon zare santimita 30, tazarar tsakiyarsu kuma santimita 6. Kowanne ya kauce santimita 3 ke nan, kashi 1 cikin 10 na tsawon zaren. To turewar ma kusan kashi 1 cikin 10 ce ta nauyin ƙwallon. A niwton, ma'aunin ƙarfi, nauyin ya kama 0.002, turewar ta zama 0.0002. Sa wannan a lissafin Kulom, da nisa mita 0.06, za ka samu cajin kowane ƙwallo wajen 9 × 10⁻⁹ na kulom. Raba shi da cajin ilektiron guda, 1.6 × 10⁻¹⁹, adadin da masani Milikan na Amurka ya auna da ɗigon mai a 1909. Amsa: rarar ilektiron kusan biliyan 56 a jikin ɗan ƙwallon da bai kai goro ba.

Ƙiyasi ne, domin cajin yana zurarewa kana cikin awo, kuma ƙwallayen suna da ɗan girma idan aka kwatanta da tazararsu. Ɗauki hoto da waya, da rula a bayansu, ka auna daga hoton. Duk da haka ina ganin babu lissafin da ya kai wannan daraja a zangon karatun, domin lambobin na ɗalibin ne, ba na littafi ba.

Me ya sa ƙofar mota take jan mutum da hunturu, bargo kuma yake tartsatsi da dare? Akwai haɗari?

Kana zamewa daga kujera, tufafinka da kujerar suna musayar ilektiron. Takalmin roba ya hana cajin sauka ƙasa, busasshiyar iska ta hana shi zurarewa, sai ya taru a jikinka. Da yatsanka ya kusanci ƙarfe sai ya tsallaka gaba ɗaya. Busasshiyar iska tana buƙatar wajen bolt 3,000 kafin tartsatsi ya ƙetare milimita 1, saboda haka wannan ɗan tsinken da ka ji dubban bolt ne. Maganinsa, ka riƙe ƙarfen ƙofar tun kana zaune, ka sauko kana riƙe da shi.

Bai cutar da kai ba ne saboda cajin kaɗan ne, kuma kafin ƙiftawar ido ya ƙare. Wutar soket bolt 230 ce kawai, amma ba ta yankewa, turowa take yi muddin kana riƙe, kuma tana kisa. Iyaye, ku faɗa wa yara wannan da babbar murya: gwajin nan ba ruwansa da soket, ko waya mai wuta, ko janareta.

Haɗarin tartsatsi na gaske yana wurin fetur da gas. Ƙaramin tartsatsi ya isa ya kunna tururin fetur. Kada a yi gwaji kusa da tukunyar gas ko inda ake ajiye jarkar mai, kuma idan za a cika jarka a sauke ta ƙasa, ba a cikin but ba. Balam-balam a yi amfani da wanda aka hura da baki, domin masu tashi sama wasu da iskar haidurojin ake cika su, mai kama wuta. Fasasshen balam-balam kuma a kwashe shi daga gaban ƙananan yara, yana shaƙe su.

Walƙiya ma haka take?

Ita ce dai, girma ne ya bambanta. A cikin hadari iska tana hawa da sauka da ƙarfi, ƙananan ƙanƙara da manya suna karo suna musayar caji. Yawanci gindin girgijen yakan cika da ɗebewa, shi kuma ya jawo tarawa a saman ƙasa da bishiyoyi da duwatsu, kamar yadda bututu ya yi wa gwangwani. Idan abin ya fi ƙarfin iska sai ta ɓarke. Saukar aradu guda takan ɗauki wajen amfiya 30,000.

Firankilin ya tabbatar da alaƙar a 1752, amma wannan ba abin kwaikwayo ba ne. Shekara ɗaya bayan haka, a 1753, aradu ta kashe masani Rikman a birnin San Fitasbag na Rasha yana cikin irin wannan gwaji. Abin da za ka iya yi daga cikin ɗaki shi ne ƙirga daƙiƙu tsakanin walƙiya da tsawa. Kowace daƙiƙa 3 kilomita 1 ce. Garinmu tudu ne mai duwatsu, yara kuma suna son hawansu da buga ƙwallo a fili. Da an ji tsawa a sauko a shiga gini, ba gindin bishiya ba.

Ban da wasa, ina amfaninsa?

Duk wanda ya taɓa yin fotokwafi a shagunan da ke kewayen Jami'ar Jos ya ci moriyarsa. A cikin injin akwai ganga da ake caja. Haske yana goge cajin daga inda takarda take fara, ya bar shi inda rubutu yake. Garin tawada ya manne a wuraren da ke da caji, ya koma kan takarda, zafi ya narkar da shi ya kama. Shi ya sa takardar ke fitowa da ɗumi. Cesta Kalsin ne ya fara yin wannan a Amurka a 1938. Masana'antun mota suna caja fenti don ya nemi jikin ƙarfe da kansa, manyan bututun hayaƙi kuma ana kama toka a cikinsu ta wannan hanya.

Wanda ya fi kusa da mu, 'yan garin kuza, shi ne tace ma'adinai. Ana zuba yashin ma'adinai a kan gangar ƙarfe mai juyawa, a watsa masa caji. Ƙwayoyin da ke wuce da caji, irin su kuza, nan da nan suke mika nasu ga gangar su faɗo gaba. Waɗanda ke riƙe caji, irin su ma'adinin zakon (zircon), sai su manne su zagaya a kankare su a baya. A gida, barbaɗa gishiri da garin masoro a faranti, ka kawo cokalin roba da ka goga daga sama a hankali. Masoro zai riga tashi. Sai dai a nan rashin nauyi ne ya raba su, ba wuce da caji ba.

Ni malamar firamare ce, ɗalibaina sun haura 70. Yaya zan yi?

Malama, salatif nadi biyu ya ishi ajin. Raba su huɗu-huɗu, kowane rukuni da bencinsa. Kafin kowane mataki ki tsayar da su ki tambaya, "Me kuke tsammani zai faru?" Su ɗaga hannu, masu cewa ja da masu cewa turewa, ki rubuta adadin a allo, sannan a gwada. Kada ki ba su sunayen tarawa da ɗebewa a ranar farko. S da Ƙ sun wadatar, har sai sun gano da kansu cewa iri biyu ne.

Ki bar gwajin hannu ya zo a ƙarshe, ki kuma yi haƙuri kada ki amsa da wuri idan wani ya lura cewa duka biyun suna bin sa. Ki ce su gwada da littafi, da bango, da allo, su dawo gobe da abin da suke gani shi ne dalili. Ki zaɓi safiyar Janairu, ki sa su wanke hannu su goge saboda mai, a rufe tagar da ke fuskantar iska, domin salatif ba shi da nauyi, ƙaramin kaɗawa zai sa yara su ɗauka caji ne.